Wai me ya haɗa wayar intanet ta ƙarƙashin teku da iskokin ruwa na Birazil?

Zainab_MaiZane

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya amma don Allah kar a yi min dariya. Ina ajin ƙarshe a sashen zane-zane, to malaminmu ya turo mana wasu bidiyoyi ya ce kowa ya kalla ya nemo jigon aikin kammalawarsa, cikinsu akwai na wata mai fasaha Tabita Rezaire, sunansa Deep Down Tidal, na 2017. A ciki tana cewa wayoyin intanet ɗin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku hanyar da jiragen 'yan mulkin mallaka da na bayi suka bi ita suke bi, kuma wai ruwa yana riƙe abin da ya gani. Wlh tun da na kalla abin ya tsaya min a rai, daga nan na shiga bincike kamar wasa, yau kwana huɗu kenan ina cinye data a kan ayyukan masu fasaha na Birazil.

Abin da na lura shi ne abu uku suke ta haɗawa wuri ɗaya. Za ka ga taswirar wayoyin nan kamar taliya an zuba a kan Tekun Atlantika, sai a nuna maka gida rabinsa ya rufta cikin ruwa har kana hango tayil ɗin banɗaki, sai kuma mata sanye da farare kat suna shiga ruwa da kwandon furanni suna kai wa wata iskar teku da suke kira Iemanjá. Hotunan sun yi kyau ba ƙarya, har tsigar jikina ta tashi a wani wajen, amma da na zauna zan rubuta wa malam shafi ɗaya na bayani sai na ga ban san me ya haɗa su ba in ban da cewa duk a bakin teku suke.

To shi ne nake tambaya, da gaske akwai alaƙa ko dai irin turancin 'yan gidan baje koli ne da ake jera kalmomi masu nauyi don a samu tallafi? Kuma maganar wayoyin suna bin hanyar bayi, gaskiya ce ko kwalliyar magana? Na ƙarshe, ni Musulma ce, in na ɗauki wannan jigon ya zan yi da ɓangaren Iemanjá ɗin nan, don ba na so in je ina zana abin da zai zama kamar ina tallata bori, kuma ba na so in yi musu izgili a kan addininsu. Duk mai sani ya taimaka, saura min sati uku in miƙa jigo.

InjiniyanFaiba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in ɗauki ɓangaren da na sani, shekarata goma sha ɗaya ina aikin faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar intanet, duk da dai tawa ta kan tudu ce.

Maganar "suna bin hanyar bayi" rabinta gaskiya, rabinta kuma waƙa. Wanda zai zuba miliyoyin daloli ya shimfiɗa kebul ba littafin tarihi yake buɗewa ba, abin da yake dubawa ina ne ya fi kusa, ina ne ƙasan teku ba tsauni ba kwazazzabo, ina ne jiragen kamun kifi da anga ba za su tsinka masa kaya ba, sai kuma ina masu kuɗin da za su sayi layin suke. Shi ya sa a Birazil garin da wayoyin suka fi taruwa Fortaleza ne a jihar Ceará, a wani bakin teku da ake kira Praia do Futuro, fiye da goma sha biyar ne ke fitowa a nan. Ki buɗe taswira ki gani, wajen ne ƙasar ta turo ƙirji cikin teku, Afirka kusa, Turai kusa, Amurka ma kusa. Su kuwa jiragen bayi manyan masaukansu Rio de Janeiro ne da Salvador da Recife, Fortaleza ba ta cikin manyan. Kin ga in aka ce layi kan layi ne an yi ƙari.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Akwai kebul mai suna SACS na kamfanin Angola Cables, ya fara aiki a 2018, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 6,000, daga gaɓar Angola kusa da Luanda zuwa Fortaleza. Kuma Luanda ita ce tashar da aka fi ɗibar mutane daga cikinta zuwa Birazil. A shekarar dai aka gama wani, SAIL, daga Kribi ta Kamaru zuwa Fortaleza ɗin. Abin da ya fi ba ni haushi a tarihin ma ba hanyar ba ce, kafin waɗannan biyun in mutumin Luanda zai aika saƙo São Paulo sai saƙon ya hau Turai tukun, wataƙila ya leƙa Amurka, sannan ya gangaro, maƙwabta biyu da ke kallon juna ta ƙetaren ruwa ba sa iya gaisawa sai ta gidan tsohon ubangida. Da SACS ya zo zuwa da dawowar saƙo tsakanin gaɓa biyun ya sauko zuwa kamar milisakan 63. Wayar tangarahu ta farko da ta haɗa Birazil da Turai ma a 1874 daga Recife ta bi ta tsibiran Kef Bade da Madeira ta dire Fotugal, lokacin ana kan bauta a ƙasar, don ba a soke ta ba sai 1888. To in mai fasaha ya ce wayar na bin sawun mulki da kuɗi zan ɗaga masa hannu, in ya ce tana bin ƙasusuwan bayi ne ɗaya bayan ɗaya sai in ce malam a dai rage gishiri.

Wani abu kuma, ku masu zane kuna son ku zana kebul ɗin ƙato kamar bututun mai. A can cikin zurfi kaurinsa bai wuce tiyon ba wa fulawa ruwa ba, gilashin da ke ɗauke da hasken kuwa siririn gashi ne, sai ya kusa gaɓa ake naɗe shi da wayoyin ƙarfe a binne. Kusan duk abin da ke ƙetare nahiya na intanet, fiye da kashi 95 cikin ɗari, ta cikin wannan ɗan abin yake bi, tauraron ɗan adam 'yar kaɗan yake ɗauka. Wanda ya manta ya tuna 14 ga Maris 2024 da huɗu suka katse lokaci ɗaya a wajen gaɓar Kodebuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ranar na tsaya da waya a hannu manhajar banki sai juyawa take kamar fanka.

Sadiq_Ceara

Hhh Injiniya ka riga ni, amma bari in ƙara don ni a Fortaleza nake karatu, shekara ta uku kenan, kuma Praia do Futuro ba ta fi min tafiyar bas ɗaya ba.

Zainab gani ya kori ji, abin da kike nema a taswira ni a ƙasa na gan shi. Farkon zuwana na je neman wayoyin nan da zumuɗi, ina zaton zan ga wani abu kamar a fim. Ba komai wlh. Rumfunan shaƙatawa ne jere ana cin ƙaguwa, yara na iyo, masu tallar ruwan kwakwa na wucewa, in ba wani ya nuna maka murfin rami na kankare ko wani gini mai katanga da kyamarori marar ko taga ba, ba za ka taɓa sanin intanet ɗin ƙasa guda na wucewa ƙarƙashin silifas ɗinka ba. Bayan titin kuma unguwannin talakawa ne, wasu gidajen ko filasta babu.

To a wannan bakin tekun dai, shi ɗin dai, ake bikin Iemanjá duk 15 ga Agusta. Ni kallo na je da wani abokin karatuna, na tsaya daga gefe. Tun daren 14 ake kafa rumfuna, kowane gidan ibada da nasa, terreiro suke kiran gidan, ganguna na tashi har gari ya waye, kowa cikin fari da shuɗi mai haske. Abin da ba zan manta ba wata tsohuwa ce, za ta yi sa'ar kakata, ƙafafunta duk sun kumbura, jikokinta biyu na riƙe da ita hagu da dama, ta shiga ruwan har gwiwa da kwalbar turare da fararen furanni, ta tsiyaye turaren tana magana a hankali kamar mai yi wa uwarta ƙorafi, igiyar ruwa ta zo ta kwashe furannin ta mayar mata da guda biyu, ta sunkuya da ƙyar ta sake tura su. Ni kuma ina tsaye ina tunanin 'yan mitoci daga inda take ana ta tura bidiyon kyanwa zuwa Lisbon. Ba sai wani mai fasaha ya haɗa maka su ba, a haɗe suke.

Zaizayar ma a nan take. Tun da aka gina tashar jiragen ruwa ta Mucuripe wajen shekarun 1940 ta tare yashin da igiya ke kwasowa daga gabas, sai tekun ya koma cin gaɓar da ke yamma da ita, ya fara da Praia de Iracema, aka yi ta jera duwatsu cikin ruwa don a tare, matsalar ta matsa gaba har ta kai Icaraí a Caucaia inda ta ci titi da rumfunan mutane. Wato kowa ya kare ƙofar gidansa sai ya tura wa na gaba.

Gidan nan mai tayil ɗin banɗaki da kika gani kuwa ina kyautata zaton Atafona ne, can jihar Rio, inda kogin Paraíba do Sul ke shiga teku, don nan ne masu ɗaukar hoto suka fi zuwa. Gidaje sama da 500 ruwa ya cinye tun daga shekarun 1960, har da bene mai hawa huɗu. Mutane na cewa sauyin yanayi, eh yana ciki, amma babban dalilin shi ne tun shekarun 1950 aka karkatar da kaso mai yawa na ruwan kogin don a shayar da birnin Rio a kuma samar da lantarki, ga madatsai, sai kogin ya rasa ƙarfin da zai kawo yashi ya ture teku baya. Mutanen birni sun sha ruwa, masunta sun rasa ɗaki.

Yanzu ga inda nake so ki kula. A 2023 an yi ta rigima a nan saboda jihar na so ta gina matatar da za ta mayar da ruwan gishiri na sha a Praia do Futuro, kamfanonin sadarwa da hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, Anatel, suka tashi tsaye wai bututun matatar zai iya taɓa wayoyin, labari ya cika ƙasa cewa Birazil za ta rasa intanet, ƙarshe dai sai da aka matsar da wurin. Ban ce ba su da hujja ba. Amma ki kwatanta, kebul ya yi tari ɗaya gwamnati ta miƙe, Atafona shekara sittin tana nutsewa ana zuwa ɗaukar hoto. In ni ne ke wannan zan zana: a bakin teku ɗaya, kayan wa ake tsarewa, kayan wa ake bar wa ruwa.

Abu_Hafsa

'Yar uwa ni dai shawarata ki yi hattara. Kai wa wani abu a ruwa kyauta da roƙonsa shirka ce, ba wani suna mai daɗi da zai canza ta, ko an kira ta al'ada ko fasaha. Jigogi sun yi yawa a duniya, me ya kai ki bakin rijiya? Ki tambayi malami na ƙwarai kafin ki sa hannu. Allah ya tsare mana imaninmu.

Zainab_MaiZane

Amin Malam, na gode, kuma zan tambaya in sha Allah. Ni ma abin da ya sa na kawo maganar kenan. Yaya Sadiq wlh maganar tsohuwar nan ta kusa sa ni kuka, kuma "kayan wa ake tsarewa" na riga na kwafe a littafina.

Hajiya_Tarihi

Zainab 'yata, na jima ina karanta ku ina murmushi. Malam Abu Hafsa ya faɗi hukuncin aikata abin kuma ba mai ja da shi, amma sanin tarihin mutane daban, bin addininsu daban, in ba haka ba da ba mu karanta labarin Fir'auna ba. Kuma akwai abin da duk ba ku taɓo ba, wanda ni a ganina shi ne ƙofarki ta shiga wannan jigon ba tare da kin ari rigar kowa ba.

Da farko ita Iemanjá ɗin. Asalinta Yemoja ce ta Yarabawa, kuma a gida ta kogi ce, kogin Ogun wajen Abeokuta. Sai da aka ƙetare da mutanenta sannan ta zama ta teku. Ki tsaya ki yi tunanin wannan, mutanen da aka ɗaure a cikin jirgi sama da wata guda, aka riƙa jefa matattunsu a ruwa, suka sauka suka ce uwarsu ce ke riƙe da tekun nan. Ko ba ki yarda da ita ba kin gane ciwon da ya haifi maganar. Birazil ita ta fi kowace ƙasa karɓar bayi daga Afirka, sama da miliyan huɗu, kusan kashi 40 cikin ɗari na duk waɗanda aka kai nahiyoyin Amurka. A Salvador ranar 2 ga Fabrairu suke nasu bikin a unguwar Rio Vermelho, kuma masunta ne ke jagorantarsa. Kamar da kika ce da bori ba ki yi nisa ba, a can ma wanda iska ta hau suna ce masa cavalo, wato doki, kamar yadda 'yan bori ke faɗa.

To amma ba masu orisha, wato allolin gargajiyar Yarabawa irin su Yemoja, kaɗai aka kwasa ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa hannun 'yan fataucin bayi, aka gangara da su gaɓa aka kai su Bahia, jihar da Salvador ke cikinta. A 1807 aka bankaɗo shirin tawayen Hausawa a Salvador, a 1814 kuma suka tashi da gaske, kuma daga ina? Daga wuraren kamun kifi na bakin teku wajen Itapuã. Sai babban, tawayen Malê, sunan da ake kiran Musulmi 'yan Afirka a can, daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, a goman ƙarshe na Ramadan, mutum wajen 600, yawanci Yarabawa Musulmi ne da wasu Hausawa a ciki. Sun fito da fararen riguna, da aka kashe wasu daga cikinsu aka caje gawarwakin sai ga layu a wuyansu, ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci a naɗe cikin fata, irin dai wadda kakanninmu ke ɗinka wa yara. Wasu takardun na nan a ajiye a ma'adanar tarihi ta Bahia, masanin tarihi João José Reis ya yi aiki sosai a kansu. Har yau a Bahia akwai abincin da ake kira arroz de hauçá, shinkafar Hausa kenan, a dafa ta luguf kamar tuwo a zuba busasshen nama, ga kuma acarajé wanda ƙosai ne kawai aka soya da manja.

Kin ga laya mene ce in ba saƙo ba, rubutu a naɗe cikin kariya ya ƙetare teku a jikin mutum? Injiniya ya ce nasa gilashi ne a naɗe cikin ƙarfe. Ni ba mai zane ba ce amma da na karanta bayaninsa abin da ya faɗo min kenan.

Ki kuma nemi aikin Ayrson Heráclito, ɗan Bahia ne, shi kansa mabiyin Candomblé ne, addinin masu orisha ɗin a Birazil, ba ɗan kallo ba. Ya yi wani aiki da ake kira Sacudimento, inda shi da abokansa cikin farare suka bi bangon gidan bayi na tsibirin Gorée a Senegal da na wani tsohon gidan masu bayi a Bahia suna kaɗe su da ganye, gaɓa biyu na teku ɗaya, an nuna shi a babban baje kolin Venice a 2017. Abin da ya sa nasa ke da nauyi daga cikin gidansu yake magana. Masu ba ni haushi su ne waɗanda za su sauka daga jirgi da kyamara, su yi kwana uku, su ɗauki tsohuwa tana addu'arta ba su ko tambaye ta ba, su ɗora kiɗa mai ban tsoro, su tafi Turai su karɓi kyauta. Kar ki zama cikinsu ko da daga nesa ne.

InjiniyanFaiba

Hajiya kin gama da ni da maganar laya, na sallama. Gyara ɗaya kawai, Zainab in za ki yi amfani da taswira ki ɗauko ta gaske ki sa sunan kowane kebul da shekararsa, kar ki ja layi da ka don ya dace da labari, akwai irina a cikin masu kallo.

Sadiq_Ceara

Na manta ban faɗa ba, tunda Injiniya ya ce Fortaleza ba babbar tashar bayi ba ce, tana da nata labarin. A 1881 masu kwale-kwalen nan na jangada da ke kai kaya daga gaɓa zuwa manyan jirage suka ƙi ɗaukar bayin da za a sayar kudancin ƙasar, jagoransu da aka fi sani Francisco José do Nascimento, ana ce masa Dragão do Mar, kuma Ceará ta soke bauta a 1884, shekara huɗu kafin sauran ƙasar. Babbar cibiyar fasaha ta garin ma sunansa aka sa mata. Har yanzu jangadun na fita kamun kifi daga Mucuripe da asuba.

Zainab_MaiZane

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya ƙara girma. Ga abin da nake tunani yanzu, ku gaya min in shirme ne. Ba zan zana Iemanjá ba kwata-kwata, ba tawa ba ce. Zan ɗinka layu na fata guda bakwai ko takwas, in jera su a kan tsohuwar wayar faiba da aka yar, in Injiniya zai samo min guntu, a cikin kowace maimakon aya in sa sunan wuri ɗaya da shekara, Luanda, Kribi, Itapuã 1814, Atafona, haka dai, a ƙasa kuma tire na yashi da fasassun tayil wanda ruwa ke ɗiga a kai a hankali har ranar da za a rufe nunin. Matsalata ɗaya kar tiren ya yi yoyo a ɗakin baje kolin a kore ni.

Yaya Sadiq don Allah in ka samu lokaci ka ɗauko min hoton murfin ramin nan na kankare, da yashin da ke gefensa, kusa-kusa yadda zan ga ko akwai rubutu a jiki.

Sadiq_Ceara

Ba damuwa, ranar Asabar zan je in Allah ya kai mu, amma da safe, don ba a fito da waya a wajen in yamma ta yi. Injiniya kai kuma guntun mita nawa za ka iya samo mata?